Helio, Snapdragon, Unisoc ko Landan yus: wane furosesa ne zai jure zafin garinmu?

Ƙanina ne ya tayar da maganar nan, wai ya tara ɗan kuɗinsa zai canja waya, ya rasa wacce zai ɗauka tsakanin sabuwa dal a kwali mai furosesa Helio G99 da wata tsohuwar babbar waya Landan yus mai Snapdragon 888 da aka yi masa tayinta kusan kuɗi ɗaya. Hujjarsa ɗaya ce, ai waccan a zamaninta ita ce sarauniya, dole ta fi gudu. Nace masa eh ta fi gudu, babu musu, amma na minti nawa? Daga nan muka kwana muna gardama, shine nace bari in zauna in rubuta abin a tsanake, tunda ba shi kaɗai bane, duk wanda ya shiga Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya da kuɗi a aljihu sai ya ci karo da wannan tambayar ko bai san sunanta ba.

Ni dai ranar da na fara ganin furosesa da idona ido na raina fata ya yi. Wajen wani mai gyara ne, ya kwance wata waya ya ciro bod ɗin, ya ɗaga wata siririyar kwano da aka rufe tsakiyar da ita, sai ga wani baƙin abu mai kusurwa huɗu da bai wuce farcen babban yatsa ba. Ya nuna da tsinken hannunsa yace toh wannan shine wayar, sauran duk kwalliya ce. Kuma gaskiya ya faɗa, domin a cikin wannan ɗan abun aka cusa masu yin lissafi, da mai zana hoton gem a sikirin, da mai sarrafa hoton kyamara, da modem ɗin da ke magana da dogon ƙarfen sabis, duk a falle ɗaya na silikon. Tunda komai a ɗaki ɗaya yake, wuta ɗaya suke rabawa, zafi ɗaya suke sha, in ɗaya ya ɗau zafi kowa ya ji a jikinsa.

Matsalar da masu zana shi suke fama da ita kenan. Abu uku ake nema, ya yi gudu, kar ya sha batir, kuma kar ya lalace da wuri, kuma ukun nan kishiyoyin juna ne, in ka ja ɗaya sai sauran biyun su yi ƙara. Dalilin yana cikin wani ɗan lissafi mai sauƙi. Wutar da furosesa ke ci tana tafiya ne da saurinsa sau ƙarfin boltej sau ƙarfin boltej kuma, wato boltej ɗin sau biyu yake shiga lissafin. Kuma ba zaka ƙara sauri sosai ba sai ka ƙara boltej. Kaga in ka ƙara sauri da kashi 20 cikin 100 ka ƙara boltej da kashi 20, wutar da zai ci ta ƙaru da sama da kashi 70. Ɗan gudu kaɗan, wuta mai yawa, kuma duk wutar nan zafi take komawa. Wannan bangon ne ya tare masu kwamfuta tun wajen 2004 lokacin furosesan Intel mai suna Pentium 4, suka hau har gigahaz 3.8, wato ma'aunin gudun furosesa, suka ga ba hanya, Intel ta soke wanda ta yi niyyar fitarwa a bayansa, kowa ya koma ƙara yawan ƙwayoyi, wato masu yin lissafin da ke cikin furosesa, maimakon ƙara gudun ƙwaya ɗaya. To kwamfuta ma da take da fanka kenan, ina ga waya da babu fanka babu tagar iska, jikinta kawai take da shi ta fitar da zafi, abin da zata iya ɗauka na dogon lokaci bai wuce wat uku zuwa biyar ba.

Dabarar da aka fito da ita ita ce raba ma'aikata gida biyu. Kamfanin ARM na Ingila, wanda kusan duk wayoyin duniya a kan zanensa suke, ya sanar da ita a 2011 da sunan big.LITTLE, Samsung ta fara sa ta a Galaxy S4 a 2013. Akwai manyan ƙwayoyi masu ƙarfi masu cin wuta, akwai ƙanana masu lallaɓawa. Kana karanta saƙon WhatsApp ko sauraren karatu, ƙananan ne ke aiki manyan suna barci, da ka buɗe kyamara ko gem sai a tashe su. Kamar mai shago ne da yake da babur da kuma a-kori-kura, ba zai tada a-kori-kura don sayo katin waya ba, amma ranar ɗauko buhunan siminti babur ba zai yi ba.

A nan ne kalmar Octa-core, wato ƙwayoyi takwas, da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali take yaudarar mutane. Takwas ɗin me? Akwai takwas da babu babba ko ɗaya a ciki. Helio G35, G36, G37, P35, duk ƙwayoyi takwas ne amma dukkansu Cortex-A53 ne, ƙaramar ƙwaya da aka zana tun 2012. Baburan ne guda takwas babu mota. Shi ya sa waya mai irinsu ranar farko lafiya lau, da ka loda mata Facebook da TikTok da manhajar banki biyu sai ta fara saibi, ka taɓa abu ka jira. iPhone 11 ƙwayoyi shida ne kacal a cikin A13 ɗinta, biyu manya huɗu ƙanana, amma ko kusa ba a haɗa su. Sunan ƙwayar zaka duba ba adadinta ba. A53 da A55 ƙanana ne. A73, A75, A76, A78 manya ne, kuma haka suke hawa, A76 ta 2018 ta yi wa A75 nisa sosai, A78 ta 2020 ta ƙara gaba.

Abu na biyu da ba a cika bugawa a kwali ba shine nanomita, wato ƙanƙantar fasahar da aka ƙera shi da ita. Lambar yanzu ta zama kamar suna ce kawai, ba wai an auna wani abu ya ba da shida daidai ba, amma dai tana nuna zamani, 28 tsoho ne tukuf, 12 da dama-dama, 6 ya yi kyau, 4 zuwa ƙasa sabon hannu. Yawanci in aka sauko, aiki iri ɗaya yana cin wuta ƙasa da da. Sai kuma wa ya ƙera, domin MediaTek na Taiwan mai Helio da Dimensity, da Qualcomm na Amurka mai Snapdragon, da Unisoc na Chana duk zane kawai suke yi, ba su da masana'antar kansu, kaiwa suke a buga musu, yawanci wajen TSMC a Taiwan ko wajen Samsung a Koriya ta Kudu. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa, don shine asirin Landan yus ɗin ƙanina.

Mu fara daga ƙasa. Unisoc SC9863A, wanda ke cikin wasu ƙananan Itel da Nokia masu araha, takwas ne na A55 a kan nanomita 28. Wannan ni bana ba kowa shawarar ya saya a yau sai in kira da saƙo kawai za a yi da ita, ga rashin gudu ga ɗumi, an haɗa maka biyu babu. Amma kar wannan ya sa ka raina Unisoc gaba ɗaya kamar yadda 'yan kasuwa ke yi, domin T606 ɗinsu da ke cikin Itel S23 da Infinix Smart 8 da Tecno Spark Go 2024 wani abu ne daban, manya biyu A75 ƙanana shida A55, nanomita 12, gudun gigahaz 1.6. In aka ajiye min T606 da Helio G36 aka ce in zaɓa, T606 zan ɗauka ido rufe duk da a takarda G36 ya fi shi yawan gigahaz, saboda shi yana da motoci biyu a gareji. Rauninsa ɓangaren hoto ne, gem mai nauyi ba nasa bane. Ga Baba ko Hajiya da WhatsApp ne da sauraren wa'azi da kiran bidiyo da jikoki, ya isa har da saura.

Sama da shi kaɗan sai dangin Helio G85, wato G80, G85, G88 da 'yan uwansu. Tsarin ɗaya ne da T606, A75 biyu A55 shida a nanomita 12, sai dai manyan suna kaiwa gigahaz 2.0 kuma mai zana hoton ya fi ƙarfi. Tun 2020 yake, yana cikin Redmi Note 9 a lokacin, kuma an ci gaba da sa shi, Redmi 13C, Galaxy A05, Tecno Spark 20. Ya yi aiki ya gaji. Abin da ke ba ni haushi da shi ba furosesan bane kansa, ma'ajiyar da yake tafiya da ita ce, eMMC, wadda bata iya karatu da rubutu a lokaci guda, sai dai ɗaya ya jira ɗaya. Shi ya sa in waya na sauke wani abu a bayan fage kai kuma kana son buɗe hotuna sai ta riƙe. Irin ta zamani UFS ake ce mata, tana yin biyun tare kuma ta ninka ta sauri. Kuma tunda muka zo nan bari in ɗan kauce, wannan RAM 8+8 da ake rubutawa, takwas ɗin bayan ba RAM bane, wani yanki ne na ma'ajiyar aka ara, in ma'ajiyar eMMC ce toh aron rigar da ta fi taka yagewa ka yi. Lambar farko kawai zaka ƙirga.

Yanzu ga inda kasuwa ta fi zafi, Helio G99 da Snapdragon 680. Dukansu TSMC ce ta buga su a nanomita 6, dukansu 4G ne babu 5G, dukansu suna iya tafiya da UFS, kuma dukansu basa zafi, wanda shine babban abin da ya sa nake son su. Amma tunanin da aka zana su da shi ya bambanta. Snapdragon 680 na 2021, wanda ke cikin Redmi Note 11 da Redmi 10C da Galaxy A23 da A05s, manya huɗu ne ƙanana huɗu, sai dai manyan A73 ne na 2016, ƙananan kuma A53. Wato an ɗauko tsofaffin ma'aikata an sa su a sabon gida. Sakamakon shine batir kamar ba a taɓa shi, waya mai mAh 5000 da wannan furosesan ka wuni da ita ka kwana in ba gem kake ba, amma gudun sai haƙuri, mai zana hotonsa Adreno 610 shima tsoho ne, bidiyo kuma baya wuce 1080. Snapdragon 685 da ke cikin Redmi Note 12 da Note 13 na 4G shi ɗin ne dai aka ɗaga gudun manyan daga 2.4 zuwa 2.8.

Helio G99 na 2022 manyansa biyu ne kawai amma A76 ne a gigahaz 2.2, ƙananan shida A55. Biyun nan sun fi huɗun can amfani a aikin yau da kullum, domin yawancin abin da kake yi a waya, buɗe manhaja, loda shafi, jan sikirin sama da ƙasa, ƙwaya ɗaya ce ko biyu ke ɗaukar nauyinsa, ba a raba shi gida takwas. A gem ma ya fi, eFootball da Free Fire da PUBG a matsakaicin saiti yana riƙe su na dogon lokaci ba tare da wayar ta koma dutsen guga ba. Shi ya sa ya cika kasuwa, Infinix Note 30, Hot 40 Pro, Tecno Camon 20 Pro, Pova 5, Poco M5, Galaxy A24, A15 da A16 na 4G. In ka ga G100 kar ka ɗauka wani sabon abu ne har ka ƙara kuɗi mai yawa, ƙwayoyin nan ne dai aka sake masa riga. Tsakanin biyun nan ni G99 nake ba mutane, sai in mutum aikinsa na hanya ne, mai POS ko ɗan sahu ko wanda ke ƙauyen da sai an kai waya shagon caji, wanda kowane kashi ɗaya na batir yana da daraja a wajensa kuma ba ruwansa da gem, shi 680 ba zai ba shi kunya ba. Sunan Snapdragon kawai bai isa a biya ƙarin kuɗi ba, wannan ra'ayin na cewa duk Snapdragon ya fi duk MediaTek tun zamanin da ne, yanzu sai an duba lamba.

Maganar 5G gajeriya ce. MTN ta kunna a 2022, Kano da Maiduguri suna cikin biranen farko, Airtel ta biyo a 2023, amma in unguwarku babu toh babu. Dimensity 6100+ da 6080 da 6300 kusan G99 ne da aka ɗora wa modem ɗin 5G, A76 biyu A55 shida a nanomita 6, gudun kusan ɗaya. In kana inda sabis ɗin yake da ƙarfi ka ɗauka, in a gefen gari kake inda yake zuwa yana ɗaukewa, wayar zata yi ta lalube tsakanin 4G da 5G tana ƙona batir a banza, ƙarshe ka shiga saiti ka kashe abin da ka biya kuɗi a kansa. Wanda ya cancanci ƙarin kuɗi shine hawa zuwa masu A78, kamar Dimensity 1080 wanda aka sake wa suna 7050, ko Snapdragon 778G da ke cikin Galaxy A52s da A73, shi A78 ɗin ma huɗu gare shi, TSMC nanomita 6. A ganina 778G yana cikin furosesoshin da aka fi dacewa da ma'auninsu, ga gudu ga sanyi ga bidiyon 4K, in ka samu mai tsafta ta hannu kar ka yi wasa.

To mu zo kan sarauniyar ƙanina. Snapdragon 888 ya fito ƙarshen 2020, yana cikin Galaxy S21 na Amurka da Mi 11 da OnePlus 9, yana da wata ƙatuwar ƙwaya Cortex-X1 a gigahaz 2.84, A78 uku, A55 huɗu. A takarda ya ninka G99. Amma masana'antar Samsung ce ta buga shi a nanomita 5 ɗinta, kuma ya yi suna wajen zafi, duniya ta sani. Wanda ya gaje shi, 8 Gen 1 na cikin Galaxy S22, shima Samsung ce ta buga a nanomita 4, labarin bai canja ba. Abin da ya tona asirin shine a watan Mayun 2022 Qualcomm ta ɗauki zanen nan ta kai wa TSMC, aka fito da 8+ Gen 1, kamfanin da bakinsa yace ya ƙara gudu da kusan kashi 10 kuma ya rage cin wuta da kusan kashi 30. Zane ɗaya, lamba 4 ɗaya a jiki, maƙeri kawai aka canja. Ba wannan ne karon farko ba ma, a 2015 Snapdragon 810 ya yi irin wannan zafin har Samsung ta ƙi sa shi a Galaxy S6 ta sa nata furosesan mai suna Exynos.

Me ke faruwa in furosesa ya yi zafi? Akwai na'urorin auna zafi a cikinsa, da sun kai wani mataki sai ya rage wa kansa gudu da boltej don kar ya ƙone, haske ma ya ragu, caji ya koma tafiyar hawainiya. Wannan ba lalacewa bace, haka aka tsara shi, gara ya yi saibi da ya mutu. Amma ka lura da inda muke. Apple da kanta ta rubuta cewa a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma kusan haka suke cewa. Mu kuwa a Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram digiri 40 ba labari bane, a inuwa ma kenan. Waya tana fitar da zafi ne saboda ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi, in iskar da kanta ta kusa kamo ta, ina zata zubar? Gwajin da kake gani a YouTube a ɗaki mai AC aka yi shi, furosesan da ya yi minti 20 kafin ya sauko a can, a nan ƙarƙashin rumfar kwano kafin ka gama rabin wasa ya sauko. Ga wani mugun zagaye kuma, silikon in ya yi zafi wuta na ƙara zurarewa ta cikinsa ko ba ya aiki, zurarewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara zurarewa.

Na gani da idona a kan wata tsohuwar babbar waya da na taɓa riƙewa. Biki ne da rana tsaka, aka ce in ɗauki bidiyo, minti bakwai ko takwas kawai sikirin ya dushe har bana ganin abin da nake ɗauka, sai ga rubutu wai kyamara zata rufe sai waya ta huce. Na cire mata riga na kifa ta a kan kular lemo, ina tsaye kamar wanda aka aika ya manta saƙo, yaron da ke gefena da 'yar wayarsa mai rabin kuɗin tawa yana ta ɗauka har aka tashi. Hotona ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba, na minti bakwai ɗin.

Sai ɓangaren ƙarko, wanda shi ba a ganinsa a shago. Silikon ɗin kansa da wuya ya mutu, abin da ke kewaye da shi ne ke gajiya. Furosesa a kan ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma yake zaune a jikin bod, a manyan wayoyi ma RAM ɗin a kansa ake ɗora shi kamar bene. Kullum ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, shekara biyu uku ana haka sai wata ƙwallon ta tsage, shine zaka ji waya tana kashe kanta tana kunnawa, ko wayfay ya ɓace, ko ta mutu a caji. Masu gyara su ɗaga shi da iska mai zafi su sake masa dalma, wani ya tashi wani bai tashi ba, kuma wanda ya tashi ba kullum yake daɗewa ba. Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, duk ƙarin digiri 10 yana iya rage rayuwar kayan lantarki da kusan rabi. Batir ya fi kowa shan wahala, zafi ne babban maƙiyinsa, kuma in ya tsufa baya iya ba da wuta mai yawa farat ɗaya lokacin da babbar ƙwaya ta tashi, sai waya ta ɗauke a kashi 30. Abin da ya sa Apple ta riƙa rage gudun tsofaffin iPhone kenan, ta amsa a Disamban 2017 bayan an yi ta surutu, har ta sauke kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29. Toh Landan yus mai shekara huɗu da furosesa mai zafi, batirinta ya riga ya sha wannan duka kafin ta hau jirgi, kuma baka san ko an taɓa ɗaga injinta ba.

Ba cewa nake kar a sayi ta hannu ba, a'a, kyamararsu da sikirin ɗinsu da lasifikarsu sabuwar mai G99 bata kama ƙafarsu ba, in kai mai ɗaukar hoto ne ko mai haɗa bidiyo dole can zaka. Zaɓe ne kawai. Snapdragon 865 da 870 na TSMC nanomita 7 masu sanyi ne, 8+ Gen 1 da 8 Gen 2 na cikin S23 suma haka, 888 da 8 Gen 1 su ne na tsakiya da zan tsallake. Kuma a Samsung suna ɗaya baya nufin inji ɗaya, S20 ta Amurka 865 ce, wadda aka sayar a Turai Exynos 990 ce wanda ya fi ta zafi da shan batir, kaga in da gaske daga Landan ta zo toh Exynos ce. Duba lambar samfurin a saiti, mai ƙarewa da U ta Amurka ce, mai B ko F ta sauran duniya, sai dai ta Amurkan yawanci layi ɗaya take ɗauka, mu kuma masu layi biyu ne. Ka haɗa da lissafin sabunta manhaja, S20 an daina aiko mata, ita kuwa A16 Samsung ta yi alƙawarin shekara shida, ga wanda manhajar bankinsa ke cikin waya wannan ba ƙaramin abu bane.

Ƙanina aikinsa sayar da kaya ne ta WhatsApp da Instagram, yana yawo a rana, wutar unguwarsu sai an ga dama, da daddare ya buga eFootball wasa biyu uku. Nace masa mai G99 da RAM 8 na gaske da ma'ajiyar UFS, ya bar 888 ɗin nan. Bai yarda ba sai da muka je tare. Na sa mai shagon ya bari muka sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna injin da ke cikin waya, a duka biyun don mu tabbatar abin da ke ciki shine abin da aka faɗa, sannan muka fito bakin ƙofa inda babu fanka, muka cika hasken sikirin, muka kunna bidiyon kyamara a duka biyun muka bar su minti goma muna hira. Da lokaci ya cika nace ya ɗora bayan kowacce a kumatunsa, sannan ya duba kashi nawa kowacce ta ci. Mai shagon yana ta cewa ai rana ce Alhaji, kowace waya haka take yi, nace masa ai ranar ɗaya ce ta dake su duka. Ƙanin nawa ya juya tsohuwar a hannu ya sake kallon kyamarorinta guda uku, ya ajiye ta a kan gilas, yace a ɗauko masa kwalin ɗayar, baƙa in akwai.